Takunkumin Fuska Bayan An Ɗage Doka

Jawabin da kwamitin lafiya ya gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba kwamitin lafiya damar yin magana a gaban wannan taro. Da aka nemi mu zaɓi abin da za mu yi bayani a kai, sai muka zaɓi wani ɗan ƙyalle da bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, wanda kusan kowa a wannan zaure ya taɓa ɗaurawa a fuskarsa, wato takunkumin rufe hanci da baki. Mun san akwai wanda zai ce ai wannan zance ya wuce tun da aka ɗage dokar korona. Gaskiya ne dokar ta wuce. Sai dai yadda jama'a suka rabu da takunkumin ya bar wata ɗabi'a a tsakaninmu, wadda ke shafar lafiyar tsofaffin da muka baro a gida, kuma mu mazauna birane muna da hannu dumu-dumu a cikin lamarin, domin mu ne masu kai da komowa tsakanin cunkoson birni da ɗakunan iyayenmu. Abin da muke son mu nuna shi ne, amfanin rufe baki ga mai tari bai zo da dokar gwamnati ba, saboda haka bai kamata ya tafi da ita ba.

Yadda dokar ta shigo da yadda ta fita

A ƙarshen shekarar 2019 aka fara jin labarin wata sabuwar cuta mai kama numfashi a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya shigo da ita Nijeriya, wani Bature ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, kuma ranar 30 ga wannan wata dokar kulle ta fara aiki a Legas da Abuja, Ogun kuma ta bi sahu bayan 'yan kwanaki. Da aka fara sassauta kullen ranar 4 ga Mayu, sai aka ɗora wa kowa sharaɗin sa takunkumi a bainar jama'a, tare da dokar hana fita da dare da hana zirga-zirga tsakanin jihohi. A watan Janairu na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan wasu ƙa'idoji da suka ƙara wa wannan sharaɗi ƙarfi, har aka tanadi tara ko ɗaurin da zai iya kai wata 6 ga wanda ya saɓa.

Fitar dokar kuwa a hankali ta kasance. A watan Afrilu na 2022 gwamnatin tarayya ta janye dokar hana fita da dare, ta kuma bar wa kowa zaɓi game da sa takunkumi a fili. A watan Disamba na wannan shekara aka daina tilasta shi a filayen jirgin sama da cikin jirage. Ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa korona ta daina zama lamarin gaggawa na ƙasa da ƙasa, amma ta ja kunne cewa cutar ba ta ɓace daga doron ƙasa ba. Ya zuwa wannan lokaci alƙaluman hukumar NCDC sun nuna sama da mutum 266,000 da aka tabbatar sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 kuma sun rasu, kuma kowa ya san waɗanda aka yi wa gwaji kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta da yawan al'ummar ƙasar.

Wani abin lura a nan shi ne, ranar da aka ɗage dokar ba a ji wani motsi a kasuwanninmu ba. Babu wanda ya yi murna, babu wanda ya yi ƙorafi, domin yawancin jama'a sun riga sun ajiye takunkumin tun kafin hukuma ta ce a ajiye. Tun a shekarar 2021 ya koma abin da ake ɗaurawa a ƙofar banki ko asibiti ko filin jirgi, ana shiga ciki a saukar da shi ƙarƙashin haɓa. A ƙofofin wasu bankuna har sana'a ta samu, masu talla na sayar wa wanda ya manta da nasa. Mutum na sa shi ne domin mai gadi, da zarar ya wuce mai gadi buƙata ta biya.

Dalilan da suka sa jama'a suka gaji da shi

Bai dace mu yi gaggawar cewa jahilci ne ya jawo haka ba. Akwai dalilai, kuma wasunsu masu nauyi ne.

Na farko yana cikin sunan da aka ba abin. A Hausa, takunkumi shi ne abin da manomi ke ɗaura wa sa ko jaki a baki don kada ya ci amfanin gona. Da wannan kalma kuma muke kiran matakin da manyan ƙasashe ke ƙaƙaba wa ƙasar da suke son su hukunta. Ke nan tun ranar farko an gabatar wa Bahaushe da wannan ƙyalle da sunan da ke ɗauke da ma'anar tilas da ƙasƙanci. Wanda aka ɗaura wa takunkumi kuwa, ba abin da yake jira sai ranar da za a kwance masa.

Na biyu shi ne yadda aka aiwatar da dokar. Abin da talaka ya fi gani shi ne shingen jami'an tsaro da kotun tafi-da-gidanka da tara, a daidai lokacin da aka rufe masa kasuwa aka hana shi fita neman abin sawa a bakin salati. Da aka fasa rumbunan ajiye kayan tallafi a jihohi da dama a watan Oktoba na 2020, jama'a suka ga buhunan abinci jibge alhali an sha yunwa a watannin kulle, sai zargin da ke zukata ya ƙara ƙarfi. Mutumin da ya yi imani cewa an ɓoye masa shinkafa, da wuya ya yarda cewa don ƙaunarsa aka ce ya rufe hanci.

Na uku, waɗanda aka fara jin sun kamu manyan mutane ne masu hawa jirgi. A watan Maris na 2020 gwamnonin Bauchi da Kaduna suka sanar da cewa sun kamu, sannan ranar 17 ga Afrilu shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Malam Abba Kyari, ya rasu sakamakon cutar. Daga nan zancen cewa korona cutar masu kuɗi ce ya samu gindin zama. Amma abin da ya faru a Kano a wannan wata na Afrilu ya isa ya rushe wannan zance. Masu haƙar kabari ne suka fara kokawa da yawan gawawwakin da ake kawowa, kuma yawancinsu dattawa ne. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka yi ya gano mace-mace 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa korona ce sanadi. Cikin waɗanda aka rasa akwai malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata da suka yi ritaya, irin mutanen da kowane gari ke tinƙaho da su.

Na huɗu tsohon miki ne. Ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda yara 11 suka rasu. Wannan na cikin abubuwan da suka ba jita-jita ƙarfi a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano na tsawon watanni, cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba aka dawo da amincewar jama'a, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Darasin da ke nan a fili yake: umarnin lafiya da ya sauko daga sama ba tare da bakin mutanen da jama'a suka amince da su ba, ba ya daɗewa.

A kan waɗannan sai a ƙara da zafin bazara, wanda ke sa rufe fuska ya zama azaba ga mai aikin ƙarfi, da kuma kuɗin sayen sabo kullum ga magidancin da ke lissafin kuɗin cefane.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Yana da kyau mu leƙa yadda wasu al'ummu suka yi da aka ɗage musu irin wannan doka, domin a nan ne za mu ga bambancin da ma'anar abu ke kawowa.

A Amurka takunkumi ya koma alamar ɓangaren siyasa, har ana iya hasashen jam'iyyar mutum daga ko ya rufe fuska ko bai rufe ba. Ranar 18 ga Afrilu, 2022 wata alƙaliya a jihar Florida ta soke dokar da ta tilasta sa shi a jirage da motocin haya. Wasu matuƙa jirgi suka sanar da fasinjoji suna cikin sararin sama, aka ga mutane na tafi suna fizge shi daga fuska, yayin da masu raunin lafiya da ke cikin jiragen suka rasa yadda za su yi. A Ingila an ɗage dokar ranar 19 ga Yuli, 2021, ranar da jaridu suka laƙaba wa suna ranar 'yanci. Da nau'in Omicron ya ɓulla sai aka mayar da ita a ƙarshen Nuwamba, aka sake ɗagewa a ƙarshen Janairu na 2022. A ƙasashen biyu, da doka ta tafi yawancin jama'a suka ajiye.

A Japan labarin ya sha bamban. Gwamnatin ƙasar ba ta taɓa kafa dokar da ke hukunta wanda bai sa takunkumi ba, shawara kawai ta bayar, amma kusan kowa ya bi. Ranar 13 ga Maris, 2023 ta ce daga nan kowa ya yi yadda ya ga dama, sai aka wayi gari jiragen ƙasa na birnin Tokyo cike da mutane fuska a rufe kamar ba a ce komai ba, kuma haka aka ci gaba na tsawon watanni. Dalili shi ne al'adar ta girmi korona. Tun annobar mura ta 1918 suka san ta, kuma duk shekara mutane da yawa kan rufe hanci saboda ƙurar furen wasu itatuwa da ke sa su atishawa. Mafi muhimmanci, a wurinsu wanda ke mura shi ke rufe bakinsa kafin ya shiga cikin jama'a, kuma rashin yin haka rashin ladabi ne. Ba mu ce komai nasu abin koyi ne ba. Wasu matasansu sun saba da ɓoye fuska har suna jin kunyar buɗewa, abin da ya sa aka riƙa yi wa takunkumin laƙabi da kamfan fuska, kuma malaman makaranta sun nuna damuwa a kan yaran da suka yi shekaru ba su ga fuskokin abokan karatunsu ba. Wannan wuce gona da iri ne. Abin da muke son a ɗauka daga gare su guda ɗaya ne: mara lafiya shi ke da alhakin kare na kusa da shi.

Idan muka jera waɗannan misalai za mu ga cewa inda aka ɗauki takunkumi a matsayin umarnin hukuma, ya tafi ranar da umarnin ya tafi, ko ma kafin nan. Inda aka ɗauke shi a matsayin ladabin mai tari ga maƙwabcinsa, ya zauna. Mu a kashi na farko muka faɗa, alhali al'adarmu ta fi kusa da na biyu, kamar yadda za mu nuna nan gaba.

Shin yana da amfani kuwa?

Wannan tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya. Cututtukan numfashi na fita ne cikin ɗigon yawu da tururin da ke fita daga baki da hanci idan mutum ya yi tari ko atishawa ko ma magana. Manyan ɗigo na faɗuwa kusa, ƙanana kuwa na iya daɗewa a iska, musamman a ɗakin da ba a buɗe taga ba. Takunkumi na tare wani kaso na wannan, kuma ya fi yin aiki idan yana fuskar mai cutar, domin yana tare abin tun daga tushe. Irin na asibiti ya fi na yadi, wanda ake kira N95 kuma ya fi su duka idan ya kama fuska da kyau. Wanda aka saukar ƙasan hanci kuwa ado ne kawai.

Bincike mafi girma da aka yi a kan wannan batu an yi shi ne a ƙauyuka 600 na ƙasar Bangladesh, ya shafi mutum kusan 340,000, aka fitar da sakamakonsa a 2021. A ƙauyukan da aka raba takunkumi kyauta, aka yi bayani gida-gida, aka kuma sa limamai da shugabannin gari suka ba da misali, masu sa shi sun ƙaru daga kashi 13 zuwa kashi 42 cikin 100. A inda aka raba irin na asibiti, kamuwa da cutar ya ragu da kimanin kashi 11 cikin 100, amma a tsakanin waɗanda suka haura shekara 60 raguwar ta kai kusan kashi 35. Bayan an daina tunatarwa kuma, masu sawa suka ragu. Wasu masana sun yi muhawara a kan girman wannan tasiri, kuma babu mai cewa takunkumi garkuwa ce da ba ta hudawa. Amma abubuwa biyu sun fito: tsofaffi ne suka fi cin moriya, kuma bakin liman da na mai gari sun yi aikin da tara ba ta yi ba. Ƙauyukan nan na manoma ne masu ƙaramin ƙarfi, masu cika masallaci ranar Juma'a da kasuwa ranar kasuwa, ba su da nisa da irin garinmu.

Cututtukan da ba su san an ɗage doka ba

Korona ba ita kaɗai ke bin iska ba. Tarin fuka na nan tare da mu tun kafin a haifi kowa a wannan zaure, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu fama da shi a duniya. Mai ɗauke da shi kan yi watanni yana tari a zaure da shago da cikin mota kafin a gane, yana shan maganin mura daga kemis. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware, ana sha na wata 6, kuma cikin 'yan makonni da farawa haɗarin yaɗa shi na raguwa sosai. A waɗannan makonni na farko, rufe baki da buɗe taga su ne kariyar matarsa da 'ya'yansa.

Tun daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a jihohin Arewa, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma yawancinsu yara ne da ba a yi musu cikakken rigakafi ba. Ita ma ta tari da atishawa take yaɗuwa. Ga ƙyanda, ga sanƙarau da ke zuwa da hunturu da bazara. A kan waɗannan ukun dole mu faɗi gaskiya: allurar rigakafi ce babbar kariya, takunkumi ba zai maye gurbinta ba. Amfaninsa shi ne ga mai jinya da mai zuwa dubiya da wanda ke jiran layi a asibiti kusa da mai tari.

Sai kuma ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, iska ta kwaso ta har gaɓar teku. 'Yan achaɓa da masu adaidaita sahu da masu aikin injin niƙa sun daɗe suna ɗaure hanci da ƙyalle ba tare da wani ya umarce su ba, domin sun san abin da ƙura da hayaƙi ke yi wa ƙirji. Alhazanmu ma shaida ne. Sun ga yadda aka taƙaita aikin Hajji ga mazauna Saudiyya kawai a 2020 da 2021, kuma sun san tarin da ake dawowa da shi daga cunkoson Mina tun kafin korona, abin da ya sa da yawansu ba sa rabuwa da takunkumi a can.

Inda abin ya shafe mu

A yau za a iya kasa jama'armu kashi uku. Akwai masu yawa da suka ajiye shi suka manta. Akwai masu sa shi don ƙura kawai. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka ci gaba da sawa a cikin taro saboda suna da asma, ko ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko suna karɓar maganin daji da ke raunana garkuwar jiki, ko kuma suna jinyar tsoho a gida. Waɗannan na ƙarshe su ne suke shan ba'a. Da zarar ɗayansu ya shigo wurin ɗaurin aure sai ka ji an ce, “Malam, ai korona ta ƙare,” ko kuma a ce, “Ƙyamarmu kake yi ne?” Da yawa kunya kan sa su cire, domin ba kowa ke son ya tsaya bayyana ciwonsa a gaban jama'a ba. Wannan ba'a ita ce ragowar fushin da aka yi da doka, amma a kan ɗan'uwa mara lafiya take sauka.

Mu dubi yadda tafiyarmu gida take kasancewa. Lokacin Sallah ko biki ko ta'aziyya, mutum ya taso daga birni da mura a jikinsa, ya shiga mota da mutum goma sha, a rufe gilasai saboda sanyi ko ƙura, a yi awa 8 ko 10 ana shaƙar numfashin juna. Da ya isa, wurin da zai fara shiga shi ne ɗakin mahaifiyarsa ko kakarsa, ɗaki mai ƙaramar taga ɗaya, a zauna kusa a yi doguwar gaisuwa. Bayan kwana uku ya koma bakin aikinsa, murar ta sake shi cikin mako guda. Tsohuwa mai shekara 80 da hawan jini kuwa, murar na iya gangarawa ƙirjinta ta zama ciwon huhu, a garin da asibitin da ke da iskar taimaka wa numfashi ke da nisan tafiya. Mukan aika kuɗin magani cikin gaggawa, kuma hakan daidai ne, amma rigakafi ya fi magani.

Mun ce al'adarmu ta fi kusa da ta masu rufe baki don ladabi, ga hujjarmu. Sarakunanmu da hakimai na naɗa rawani su ja amawali ya rufe baki, kuma ba wanda ya taɓa ganin haka a matsayin ƙasƙanci, alamar kwarjini ce. Buzaye maƙwabtanmu sun fi mu riƙo da wannan, suna tsare numfashinsu daga ƙurar hamada. Tun muna yara aka koya mana cewa ba a yin tari ko hamma ko atishawa a fuskar mutane, sai an kawar da kai an rufe baki. Iyayenmu mata kan keɓe yaron da ke ƙyanda daga sauran yara. Saboda haka rufe baki don kare wani ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Baƙon shi ne sunan takunkumi da sandar da ta rako shi.

Shawarwarin kwamiti

Ba mu zo neman a dawo da doka ba, kuma ba mu ce mai lafiya ya yi ta yawo fuska a rufe ba. Ga abin da muke roƙo.

Na farko, duk ɗan ƙungiya da zai je gida yana tari ko mura, ya rufe hanci da baki a cikin mota da kuma lokacin da zai shiga gaida tsofaffi, ya kuma faɗi dalili da bakinsa: “Baba, mura nake yi, shi ya sa na rufe don kada in shafa muku.” Babu dattijon da zai ji wannan ya ɗauka raini ne. In da hali a yi gaisuwar a tsakar gida ko a zaure mai iska.

Na biyu, mu daina yi wa mai sa takunkumi ba'a ko tambayar dalili. Wanda ya sa ya san abin da ke damunsa.

Na uku, muna ba da shawara rassan ƙungiya su riƙa karɓa-karɓa wajen sayen kwalayen takunkumi irin na asibiti, a ajiye a ƙofar asibitin garinmu, ma'aikata su riƙa miƙa wa duk wanda ya zo da tari kafin ya zauna a layi tare da masu juna biyu da jarirai. Kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da abin da muke kashewa wajen kai mara lafiya guda asibitin birni.

Na huɗu, duk tarin da ya wuce mako 2 a kai mai shi gwajin tarin fuka, a daina dogaro da kemis. Kowannenmu kuma in ya je gida ya nemi ganin katin rigakafin yaran gidansu, ya tabbatar an yi musu allurar mako 6 da 10 da 14 da ta wata 9.

Na biyar, muna roƙon iyayenmu masu riƙe da sarauta da limamai da shugabannin mata su riƙa ba da misali. Ranar da jama'a suka ga dagaci ko liman ya fito da baki a rufe ya ce mura ce ta kama shi, magana ta ƙare, kamar yadda zancen rigakafin shan inna ya daidaita da sarakuna suka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a. In kalmar takunkumi ce ke tayar da hankali, a kira shi ƙyallen rufe baki, ko duk sunan da dattawa suka ga ya dace.

Masana lafiya sun yi ittifaƙi cewa wata annobar numfashi za ta sake zuwa, lokacinta ne kawai ba a sani ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Garin da mutanensa suka saba da cewa mai tari shi ke rufe baki, ba zai buƙaci shinge ko kotu ba kafin ya kare tsofaffinsa a wannan rana. Kwamitin lafiya zai gabatar wa majalisar zartarwa lissafin abin da shawara ta uku za ta ci, domin kowane reshe ya san watan da zai ɗauki nauyi.

 Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mai da kowa gidansa lafiya.